Ciwon Kunnen Mai Agogo

"Na faɗa miki, Auta, kuma ba zan maimaita ba. In dai ni na haife ki, yaron nan ba zai ƙara taka min ƙofar gida ba."

Auta tana durƙushe a tsakiyar falo, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Ba yarinya ba ce, malamar makarantar firamare ce mai aji guda a hannunta, amma a gaban mahaifinta ji take kamar ba ta wuce goyo ba.

"Abba, wallahi ba ya shan komai. Ko sigari bai taɓa kai wa baki ba."

"Ni za ki faɗa wa? Ba a gabana aka yi ba?"

A gabansa aka yi, wannan kam ba ta da bakin musu.

Jiya ne Mai Agogo, saurayin nata mai gyaran agogo, ya zo gaida Abba karo na farko, bayan ta daɗe tana roƙo kafin a yarda ya zo. Ya sha wanka, ya sa kayansa mafi kyau. Amma tun daga bakin ƙofa ya yi tuntuɓe, ya dafa bango. Da Abba ya tambaye shi sana'arsa, sai ya buɗe baki ya tsaya yana lalube kamar wanda aka ce ya yi wani yare. Ya nuna takalminsa ya ce a yi haƙuri ya bar kofinsa a hanya. Kafin kowa ya gama mamaki, amai ya ƙwace masa a kan dardumar da Abba ya fi ji da ita.

Gwaggo, yayar Abba, tana zaune a kujerar gefe. Tafa hannu ta yi ta ce, "To, ga mai audugar naki nan. Dama ƙwaya yake sha!"

Mai auduga take ce masa saboda ƙullin audugar da ba ya rabuwa da kunnensa na hagu. Tun yana yaro kunnen ke zubar da ruwa, ya tsaya, ya dawo. Auta ta san da haka tun ranar da ta kai masa agogon bangon ajinta gyara, ya juyo mata da kunnen dama yana murmushi ya ce, "Malama, ta nan ake shiga. Waccan ƙofar an rufe ta don gyara." Tun daga ranar, duk inda za su je a damansa take tafiya.

"Ga ɗan'uwanki nan," in ji Abba, muryarsa ta ɗan sauko. "Ɗan Gwaggonki. Mun san shi, mun san tarbiyyarsa, yana da sana'arsa ta sayar da motoci. Ba zan yi miki dole ba, ba halina ba ne. Amma ɗan maye, ko bayan raina ban yafe ba."

"Abba..."

"Tashi ki ba ni wuri. Daga gobe ɗan Gwaggonki ne zai riƙa kai ki makaranta."

Ta tashi ta fita. Abin da ya fi ci mata rai, ita kanta ta rasa yadda za ta fassara abin da idonta ya gani. Kwanan baya kunnen ya daina zuba kwata-kwata, har suka yi murna, ya ce ya kusa sallamar auduga daga aiki. Sai kuma ciwon kai ya sa shi gaba, ga zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, ga yawan barci. Ta ce ya je asibiti, ya ce gajiyar ido ce, irin ta masu kallon ƙananan abubuwa.

Washegari da safe Ɗan Gwaggo ya tsaya da mota a ƙofar gida, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ba mugun mutum ba ne, ta sani. Ya daɗe yana son ta, ita ce dai zuciyarta ta ƙi karɓa.

Sai da suka yi nisa sannan ta ce, "Yaya, alfarma nake nema."

"Faɗi, ƙanwata."

"Ka bi da ni ta kasuwa. Magana ɗaya zan yi masa."

Ya haɗe rai. "So kike Kawu ya ce na ci amanarsa?"

"Sallama zan yi masa, Yaya. Ko wanda aka kora daga aiki ai ana faɗa masa dalili."

Jin kalmar sallama ya sa ya juya kan motar.

Shagon ɗan ƙarami ne, a maƙale tsakanin mai ɗinki da mai sayar da fitilu. Agoguna ne rataye ko'ina a bango, kowanne da irin bugunsa. Mai Agogo yana kan kujerarsa, ya kifa kai a tebur cikin ƙananan kusoshi, gilashin da yake maƙalawa a ido ya faɗi gefe, hantsaki na hannunsa har yanzu.

"Ka gani ko?" Ɗan Gwaggo ya ce daga bayanta. "Da sassafe ma a buge yake."

Ta taɓa goshinsa, ta janye hannu da sauri. Zafi kamar murfin tukunya.

Ya ɗago da ƙyar. Idonsa ya sauka a kanta, ya yi haske.

"Malama," ya ce. "Malama... abin nan... abin nan ya..." Ya nuna kansa, ya nuna agogon bango, ya sake nuna kansa. Hawaye suka zubo masa don takaicin maganar da ta ƙi fita.

Sai hannunsa na dama ya fara karkarwa. Karkarwar ta haura kafaɗa, ta kama fuska, ya sulale daga kujera jikinsa duka yana jijjiga.

Auta ta ƙwalla ƙara.

Ɗan Gwaggo ya ture ta gefe, ya janye tebur, ya tallafe kan kada ya bugi ƙasa. Da jijjigar ta lafa, ya saɓa shi a kafaɗa, bai damu da farar rigarsa ba.

"Buɗe min bayan mota!" ya daka mata tsawa. "Wannan ba maye ba ne. Na ga 'yan maye, ba haka suke ba."

A asibiti abubuwa suka yi ta gudu a gabanta kamar a mafarki. Aka ɗebi jini, aka sa masa ruwa, aka haska idonsa da 'yar fitila. Mai ɗinki ya aika aka ɗauko mahaifiyar Mai Agogo, Inna, tsohuwa 'yar firit, ta iso ko takalmi ba ta sa daidai ba. Wata likita doguwa mai furfura a gefen ɗankwali ta zo ta sunkuya a kansa. Ta zare audugar kunnen, ta leƙa da na'ura, ta daɗe tana leƙawa. Ta danna ƙashin bayan kunnen, ya yi nishi.

"Tun yaushe kunnen nan yake ciwo?"

"Tun yana rarrafe, 'yar nan," in ji Inna. "Ai ciwon kunne ne kawai. Mukan ɗiga masa magani ya lafa."

Likita ta ce a tura shi ɗakin hoton kai.

Suna zaune a baranda suna jira sai ga Abba kamar an jefo shi, Gwaggo na biye tana haki. Daga makaranta aka buga masa waya cewa Malama ba ta zo ba, ya bi sawu har shagon, mai ɗinki ya faɗa masa inda suke.

"Auta! Ni za ki tozarta? Jiya-jiya na yi miki magana!" Ya juya kan Ɗan Gwaggo. "Kai kuma da na amince maka, kai ka kawo ta?"

"Kawu, ka tsaya ka ji..."

"Ba abin da zan ji. Wuce mu tafi!"

Ta zube a gabansa ta riƙe gefen rigarsa, kuka ya ci ƙarfinta. "Abba, ka dake ni in ka so, amma ka bari in ji abin da ke damunsa. In likita ta ce ƙwaya ce, wallahi da ƙafata zan bi ka, ba za ka ƙara jin zancensa a bakina ba."

Daidai nan ƙofa ta buɗe, likita ta leƙo.

"Ina 'yan'uwansa? Ku shigo." Ta dubi Abba. "Baba, kai ma shigo. Ina son babba a wurin."

Abba ya buɗe baki zai ce shi ba kowansa ba ne, amma ta riga ta juya. Dole ya bi.

Ɗakin da duhu-duhu, sai wani allo mai haske a bango. A jikinsa hotuna ne jere, kowanne kamar an raba ƙwallon goro biyu, fari da toka-toka, da lanƙwasa-lanƙwasa masu kyau kamar an zana da hannu.

"Wannan cikin kansa ne," in ji likita. "Ƙwaƙwalwarsa ke nan."

Auta ta matsa kusa ba tare da ta sani ba. Wato a cikin wannan abin duk yake? Barkwancinsa, da haƙurinsa, da yadda yake sanin ciwon agogo daga jin bugunsa, da ita kanta? Ta ji kamar ta leƙa wurin da bai halatta ɗan'adam ya leƙa ba.

Likita ta ɗora bakin biro a kan wani farin zobe, a gefen hagu, cikinsa baƙi.

"Kun ga wannan? Ƙurji ne, cike da mugunya."

"Ƙurji?" in ji Inna. "A cikin kai? Ta ina ya shiga?"

"Ta kunne, Inna. Ga kunnen nan, ga ƙwaƙwalwa a samansa. Abin da ya raba su wani ƙashi ne siriri, bai fi ɓawon ƙwai kauri ba sosai. Ciwon ya daɗe yana cin ƙashin nan a hankali har ya huda shi. Da kuka ga ruwan ya daina fitowa, ba warkewa ya yi ba, hanya ce ta toshe, sai ya nemi wata ta ciki. Ba kasafai hakan ke faruwa ba. Mutane da yawa suna fama da kunne ba ya kai su nan. Amma idan ya kai, ba ya jira."

Abba ne ya matso, ya gyara tabarau, muryarsa ta canja.

"Likita, a gabana yaron nan ya kira takalmi kofi."

"Zai yi haka, Baba. Daidai inda ƙurjin ya danne, nan ne ma'ajiyar kalmomi. Ya san takalmi, ya san abin da ake yi da shi, amma in ya miƙa hannu ya ɗauko sunan, sai ya ɗauko na kusa da shi."

"Sunaye... wuri gare su a cikin kai?"

"Wuri gare su. Ga shi nan."

Abba ya kai yatsa kamar zai taɓa allon, ya fasa. Ya ɗaga hannu ya shafa gefen kansa na hagu, saman kunne, a hankali, kamar yau ya fara sanin yana da shi.

"Subhanallahi," ya ce. "Duk maganar da na yi a duniya, daga ɗan wurin nan ta fito?" Ya nemi kujera ya zauna. "Kuma ba ƙwaya?"

"Mun duba jininsa. Ba komai sai ciwo."

Abba ya sunkuyar da kai. Auta ba ta taɓa ganin wuyan mahaifinta ya lanƙwasa haka ba.

Likita ta ce yanzu za a shiga da shi. Za su huda ƙashin kai su zuƙe mugunyar, daga baya in ya yi ƙarfi a gyara kunnen, a kankare ruɓaɓɓen ƙashin don kada abin ya dawo. Ba ta ɓoye musu ba: zai iya tashi, zai iya ƙin tashi, kuma in ya tashi ba ta da tabbacin maganar za ta dawo duka.

Aka tura shi ta gabansu, an aske gefen kansa. Auta ta bi gadon har inda aka ce ta tsaya.

Rana ta yi tsaka, ta karkata. Inna na jan carbi, Abba ya je masallacin asibiti ya dawo ya sake komawa. Gwaggo ta gaji da shiru ta matso kusa da ƙaninta, tana magana ƙasa-ƙasa amma yadda kowa zai ji.

"To, an ji ba ƙwaya ba ce, Allah ya ba shi lafiya. Amma dai ka yi tunani. Mutumin da aka buɗe wa kai, yaushe zai ƙara zama daidai? Ka ɗauki 'ya kamar wannan ka ba wanda bai san sunan takalminsa ba?"

Abba bai amsa ba. Rashin amsar ya fi komai tayar wa Auta hankali.

Ɗan Gwaggo ya zo ya tsaya kusa da ita, rigarsa duk ta ɓaci.

"Ƙanwata, kin san abin da yake faɗa a kafaɗata har muka kai mota? Malama, Malama. Komai ya ɓace masa ban da ke." Ya yi ajiyar zuciya. "Ban ce na haƙura ba, kada ki ji daɗi. Amma ba zan yi takara da mutum yana kwance ba. Ya tashi tukuna."

Ta dube shi da jajayen idanu. "Allah ya saka maka, Yaya."

Bayan la'asar likita ta fito tana cire hular aiki. Ta ce an zuƙe, ya farfaɗo, ya motsa hannu da ƙafa. Inna ta faɗi ta yi sujada a kan simintin baranda.

Kwanaki suka shuɗe ana ɗura masa magani ta jijiya. Abba bai hana Auta zuwa ba, bai kuma ce ta je ba. Kullum in an tashi daga makaranta sai ta biya, ta zauna a damansa tare da Inna. Kalmomin suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya kamar tsuntsaye da yamma. Yau ruwa, gobe ƙofa. Ranar da ya dubi cokali ya ce cokali, nas ɗin da ke wurin har tafi ta yi. Auta, wadda aikinta ke nan koya wa yara sunayen abubuwa, sai ta koma gida tana kallon kowane abu a ɗakinta tana kiran sunansa a hankali, tana mamakin yadda yake zuwa mata a sauƙaƙe ba ta taɓa godewa ba.

Wata rana da yamma Inna ta fita alwala. Mai Agogo ya juyo da kansa da ke naɗe da bandeji, ya daɗe yana tattara maganar kafin ya fara.

"Malama. Ki... auri... ɗan'uwanki."

"Me ka ce?"

"Kunnen nan... ya tafi. Likita ta ce. Hannu... yana rawa." Ya ɗaga hannun dama ya nuna mata. "Agogo ba ya son... rawa. Me zan... ba ki?"

"Wato duk wahalar da muka sha kalmomin nan su dawo, da wannan za ka fara yi min amfani da su?" Hawaye suka ɓalle mata. "Da na sani da na bar ka a kan cokali!"

Ya so ya yi dariya, kuka ya riga ta.

"Ina... jin kunya. Gidanku. Dardumar."

"An wanke darduma! Ka saurare ni da kunnen da ya rage maka. Na ga cikin kanka da idona, abin da ko Inna da ta haife ka ba ta taɓa gani ba sai ranar. Na ga inda ciwon ya zauna, na ga kuma duk sauran wurin da bai taɓa ba, ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Likita ta ce hannun zai iya daidaita. In bai daidaita ba, sai me? Ni hannu na ce ina so?"

"Abbanki..."

"Abbanta yana jin ku."

Su duka suka juya. Yana tsaye a bakin ƙofa da leda a hannu, ba su san tun yaushe ba. Auta ta miƙe zumbur tana goge fuska.

Abba ya shigo a hankali, ya ajiye ledar lemo a kan durowa. Ya zagaya ta hagun gadon, ya tuna, ya dawo ta dama.

"Yaro, na yi maka ƙazafi a gaban mutane. Na kira ka da sunan da ba naka ba, kana ɗauke da abin da ni da ya same ni ko tsayuwa ba zan iya ba, amma ka taso ka zo gaishe ni. Ka yafe min."

Mai Agogo ya yi ta motsa baki, maganar ta ƙi zuwa. Sai ya kama hannun Abba da hannunsa mai rawa ya riƙe.

Abba ya bar masa hannun. Da ɗayan ya jawo kujerar da Auta ta tashi a kai, ya zauna, ya gyara zaman rigarsa kamar mai shirin daɗewa.

"Ke kuma ɗauki jakarki ki tafi gida."

"Abba, don Allah..."

"Ba kyau a riƙa ganinki kullum a bakin gadon mutumin da ba a riga an ba ki shi ba. Ki bari sai an ba ki, kya yi ta zama har ki gaji." Ya ɗauki kofin ruwa ya kai bakin majinyacin, yana tallafe masa ƙeya. "Jinyar ɗana ni zan yi. Gwaggonki tana gida tana jirana da magana, in kin isa ki gaishe ta ki wuce ɗakinki. Ki ce mata ina nan, kuma ba yanzu zan dawo ba."